A Kira Ajo Domin Masu Ciwon Daji a Arewacin Zamfara

Duk wanda ya tashi a Ƙauran Namoda, Shinkafi ko Zurmi kafin tsaro ya taɓarɓare ya san ajo. Hidima ce za ta taso wa mutum, ko aure ko wata asara, sai ya raba goro ga abokai da abokan sana'a, ya sa rana, ya ɗauko makaɗi. Da la'asar a share fili, a shimfiɗa tabarmi, a ajiye faranti a tsakiya. Makaɗi na kiɗa, sanƙira na tsaye, duk wanda ya miƙa kuɗi sai an ɗaga murya an faɗi sunansa da abin da ya bayar, wani kuma yana gefe da littafi yana rubutawa. Kafin magariba an tara abin da mutum ɗaya ba zai tara a shekara ba. Kuma ba wanda ya zubar da mutuncinsa, domin mai ajon yau shi zai ba da gudummawa a na wani gobe.

A yau babu wanda ya fi buƙatar a kira masa irin wannan taro kamar mai ciwon daji.

A ɗauki misalin mace a wani ƙauye na gefen Moriki ko Badarawa da ta ji ƙullutu a mamanta. Da farko shiru za ta yi, saboda kunya da tsoro. In ta faɗa, abin da za ta fara ji shi ne maganar da ta zauna a bakin mutane, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Sai a shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, wata uku, wata shida, har wurin ya fashe. Sannan ne za a kai ta babban asibitin Zurmi ko na Shinkafi. Waɗannan asibitoci suna fama da nasu nauyin: zazzaɓin cizon sauro, haihuwa, raunin harbi, da yara masu tamowa waɗanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimakawa wajen kula da su. Ba a gina su domin ciwon daji ba. Abin da likita zai iya yi shi ne ya rubuta takarda ya ce a wuce Gusau.

Daga nan lissafi ke farawa. Daga Ƙaura zuwa Gusau kusan kilomita 60 ne, daga Shinkafi kuwa ya kusa ninka haka, a kan hanyar da direbobi ba sa son yamma ta yi musu a kai, wani lokacin ma sai an jira rakiyar jami'an tsaro. A Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura za a ɗebi ɗan nama daga wurin a kai ɗakin gwaji, a yi hoto, a auna jini. Kowane da kuɗinsa, kuma sakamako ba ya fitowa rana ɗaya, dole a koma gida a sake dawowa. In an tabbatar, sai tiyata, sai ƙarin ruwan maganin daji da ake kira kemo, wanda galibi ake yi duk bayan mako uku, sau shida ko takwas. Wanda ya tsallake zagaye biyu saboda rashin kuɗi ya ba ciwon damar sake miƙewa. In aka zo gashi da na'ura kuwa, sai an bar jihar. Ko dai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, mai nisan sama da kilomita 200 daga Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, ko sabuwar cibiyar da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya na Katsina a Yulin 2025. Shi gashi kullum ake yin sa, Litinin zuwa Juma'a, makonni a jere. Ke nan maras lafiya da mai jinyarta za su tare a garin da ba su san kowa ba, su nemi wurin kwana, su ci, su sha, gida kuma an bar yara da gona.

Wannan kashi na ƙarshe shi ne ba ya shiga takardar asibiti, kuma shi ke fara karya mutane. Iyali na iya sayar da abin da suke da shi su biya tiyata, amma kuɗin mota na zagaye na huɗu ya gagare su. A kundin asibiti za a rubuta cewa maras lafiya ba ta dawo ba. A gida kuma za a ce an yi haƙuri, an bar wa Allah.

Da can saniya ce asusun talakan wannan yanki. In ciwo ya zo, a kai bijimi kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ko Kasuwar Daji, a dawo da kuɗin magani. Yau an kore shanun, gonaki da yawa ba sa nomuwa, wasu magidanta kuma abin da suka tara ya tafi wajen fansar 'yan uwansu. Ba a manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a Zamfara, ciniki ya tsaya cak. Bayan haka aka cire tallafin mai a Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, magungunan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar naira 70,000 ne tun 2024, jinyar daji kuwa da miliyoyi ake maganarta. Manomin Dauran ba shi da ko albashin.

Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2022 sun ƙiyasta cewa mutum 127,763 ne suka kamu da cutar a Najeriya a wannan shekara, 79,542 suka rasu. Sankarar mama ce kan gaba da sama da mutum 32,000, sai ta maza da likitoci ke kira furostet, sai ta bakin mahaifa. A yankin Sakkwato da Zamfara akwai ƙarin wata da likitoci suka daɗe suna jan hankali a kanta, wato sankarar mafitsara, wadda ke da alaƙa da tsargiya. Yaron da ya girma yana wanka a Gagare ko Bunsuru, yana fitsarin jini ana cewa alamar balaga ce, shi ne zai iya zama dattijon da za a kwantar shekaru talatin bayan haka. Kuma sama da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa.

Ba za a ce gwamnati ba ta yi komai ba. Tun 2021 akwai asusun tarayya na tallafa wa masu ciwon daji marasa ƙarfi, wanda ya fara da nau'i uku, na mama da na bakin mahaifa da furostet, a asibitoci shida, ɗaya a kowace shiyya. Na Arewa maso Yamma shi ne na Shika. Cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, ta fara aiki a 2023 ƙarƙashin Farfesa Usman Malami Aliyu, likitan da ya yi aiki a asibitin koyarwa na Sakkwato, wanda ya san irin marasa lafiyar da ke zuwa daga wannan yanki. An kuma fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa kyauta a Oktoban 2023, aka faɗaɗa shi zuwa sauran jihohi a Mayun 2024. Duk waɗannan abin yabo ne. Sai dai asusun tarayya yana jiran maras lafiya ne a ƙofar asibitin koyarwa, da sakamakon gwaji a hannu. Tsakanin ƙauyen Zurmi da wannan ƙofa akwai tazarar da ba wanda ya ɗauki nauyinta, kuma a cikinta ake rasa mafi yawan mutane.

Wannan tazara daidai ƙarfin jama'a take. Ba ta kai sayen na'urar gashi ba, amma ta fi ƙarfin gida ɗaya. A nan ne ajo zai yi aiki.

Wasu ƙasashen Musulmi sun riga sun nuna hanya. Bayan mahaifiyar Imran Khan ta rasu da ciwon daji a 1985, ya ɗauki alkawarin gina asibitin da talaka zai shiga ba tare da an tambaye shi kuɗi ba. Ya zaga Pakistan gari gari yana karɓar gudummawa, 'yan makaranta suka taya shi tarawa, shahararren mawaƙin begen nan Nusrat Fateh Ali Khan ya yi taruka na waƙa domin asusun. A Disambar 1994 aka buɗe asibitin Shaukat Khanum a Lahore, da sunan mahaifiyar, kuma har yau zakka da sadaka ne ke ɗaukar nauyin kusan kashi uku cikin huɗu na marasa lafiyarsa. A Alƙahira akwai asibitin yara masu ciwon daji da aka buɗe a 2007, sunansa 57357. Lambar asusun bankin da Misirawa suka riƙa zuba gudummawa ce ta zama sunan asibitin. Duk watan azumi mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo na Masar kan fito a talabijin suna tuna wa jama'a wannan lamba, yara kuma ana yi musu magani kyauta.

A gida ma akwai abin dubawa. A Kano, marubuciya Fauziyya D. Sulaiman, wadda aka sani da rubuta littattafai da labaran fim, ta mai da sunan da alƙalami ya yi mata hanyar tara wa marasa lafiya da marasa galihu kuɗi ta shafukan sada zumunta. Mutane sun ba ta ne saboda sun san ta ta hanyar fasaharta. Sannan ga Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, 'yar marigayi Marafan Sakkwato Umaru Shinkafi, likitar yara da ta kafa gidauniyar Medicaid mai yaƙi da ciwon daji, wadda ke shirya tattaki a Abuja duk shekara domin wayar da kai da tara tallafi. A Oktoban 2024 aka zaɓe ta domin a 2026 ta karɓi shugabancin UICC, ƙungiyar duniya mai yaƙi da cutar da aka kafa tun 1933, mai mazauni a Janiba. Ita ce ta farko daga Afirka. Sunan Shinkafi ya kai ƙololuwar wannan fage a duniya, don haka mutanen garin ba su da hujjar cewa ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa domin neman shawara ba.

Fasaha kuwa, wannan yanki ba ya ara wurin kowa. Daga Tubali Ibrahim Narambaɗa ya fito, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, wanda sama da shekara 60 bayan rasuwarsa ana sa waƙoƙinsa a rediyo, malaman jami'a na rubuta littattafai a kansu. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri kiɗan da ke sa namiji ya manta da tsoro. Amali Sububu ya yi wa manoma, kuma duk wanda ya taɓa ganin gayya ya san abin da ganga ke yi wa mai riƙe da garma: kunya ɗaya sai ta zama goma. Wato tun asali aikin makaɗi a ƙasar Hausa shi ne ya motsa mutum ya yi abin da shi kaɗai zai yi nawa a kai, ya fitar da kyauta, ya shiga aikin gayya, ya tsaya a fagen fama. Makaɗan da suka san yadda ake sa basarake ya ba da doki da riga sun san yadda za a sa attajiri ya biya wa mata goma kuɗin gwaji.

Wani zai ce Zamfara jihar shari'a ce, taron kiɗa ba zai samu karɓuwa wurin malamai da hukuma ba. Magana ce da ya kamata a saurara da girmamawa, ba a yi mata gatsali ba. Amma fasaha ta fi ganga faɗi. Akwai sha'irai masu bege, akwai marubuta waƙa da ke rerawa ba kiɗa, al'adar da ta zo tun zamanin Shehu da Nana Asma'u, waɗanda suka ilmantar da jama'a da waƙa. Akwai alarammomi masu zayyanar allo, wadda in aka sa ta a gilashi sai ta ƙawata kowane falo. Akwai maɗinka hula da masu aikin babbar riga, dukawa, masu sassaƙar ƙwarya, da mata masu saƙar faifai da tabarma, da yawansu yanzu suna zaman gudun hijira a cikin Ƙaura da Gusau, hannunsu na da sana'a amma ba kasuwa. In aka sayi aikinsu da farashin gaskiya, aka yi gwanjonsa a gaban masu hali, an taimaki gida biyu da kuɗi ɗaya: mai saƙar ta samu na abinci, maras lafiya ta samu na mota. Wannan bai saɓa wa komai ba.

Wani kuma zai ce ana fama da yunwa da 'yan bindiga, wa ke ta ciwon daji? Amsar tana ɗakunan da ake rufe ƙofa saboda wari, inda uwa ke kwance tana cizon zane da dare don kada 'ya'yanta su ji kukanta. Rashin tsaro bai dakatar da ciwon ba, ya dai hana a gan shi. Kuma ko wanda likita ya ce ciwonsa ya wuce magani yana da haƙƙin a sama masa maganin rage zafi da kayan wanke rauni, ya cika cikin mutunci. Wannan ba ya cin miliyoyi.

Batun tsaro yana da mafita. Ba dole ne a tara jama'a a filin Zurmi da dare ba. Kuɗin yankin ma yawancinsa ba a yankin yake kwana ba, yana Gusau, Kaduna, Kano, Abuja da Legas, wurin 'yan kasuwa da ma'aikata da 'yan siyasa 'yan asalin waɗannan garuruwa, waɗanda ke da ƙungiyoyin ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai. A kai musu ajon inda suke. A gida kuma a yi ƙarami da rana, a zauren Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, ta kuma yaye ɗalibai da suka bazu a faɗin ƙasa, ko a ƙofar fada da izinin sarki. Gidajen rediyon Gusau su watsa, matasa su ɗora a Facebook da TikTok, wanda ke Makka ko Yamai ya turo nasa ta waya.

Abin da zai kashe wannan tunani tun yana jariri shi ne rashin amana. Jama'a sun gaji da neman taimakon da ba a jin ƙarshensa, an ga lambar asusu, an tura, shiru. A nan ma ajon gargajiya ya riga ya ba da darasi, domin a bainar jama'a ake faɗin kowace kyauta, a rubuta. Sai dai a ƙara masa ɗaya rabin: yadda sanƙira ya yi shelar abin da ya shigo, haka za a yi shelar abin da ya fita. Asusu ya zama na kwamiti, ba na mutum ɗaya ba, da likita da limami da wakilin masarauta da wakiliyar mata, kuma ba a cire ko kwabo sai da sa hannun mutum uku. Kuɗin gwaji da na magani a biya asibiti kai tsaye a karɓi rasit. Duk wata uku a karanta lissafi a rediyo. Ɗan siyasar da ya bayar a gode masa kamar kowa, amma kada a bari hotonsa ya hau kan asusun, domin ranar da aka ce na jam'iyya kaza ne, rabin gari ya janye hannu.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta yaɗu wadda ya kamata a guje mata, ta ɗaukar bidiyon mace ana buɗe rauninta tana kuka, a watsa wa duniya kafin a taimake ta. Masu yi da yawa niyyarsu mai kyau ce, sun lura sai an ga jini ake tausayawa. Amma matar Zurmi da ta ɓoye ciwonta wata shida saboda kunya, in ta ga haka ake yi wa wadda ta fito, ba za ta fito ba. Babbar fa'idar tara kuɗi ta hanyar fasaha ke nan: waƙa da zayyana su ne za su tsaya a gaban jama'a, maras lafiya ta zauna a ɗakinta da sirrinta. Mawaƙin da ya tsara baitoci kan cewa ƙullutun da aka kai asibiti da wuri ana warkewa daga gare shi, kuma allura ba ta tayar da daji, ya yi aikin da takardun wayar da kai dubu ba za su yi ba a ƙauyen da ba a karatun boko amma kowane gida akwai rediyo.

Kada kuma a ɗauka ajo zai sauke wa gwamnati nauyinta. Zamfara na da Hukumar Zakka da Waƙafi tun farkon dawo da shari'a, tana da hukumar taimakekeniyar lafiya ta ZAMCHEMA, kuma dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusu domin marasa galihu. Ya kamata hukumar zakka ta ware kaso na musamman ga masu ciwon daji, ta kuma karɓi waƙafin gida ɗaya kusa da asibitin Sakkwato da wani kusa da na Shika, inda 'yan Zamfara masu zuwa gashi za su riƙa sauka kyauta. Attajiri ɗaya zai iya wannan. Gwamnatin jiha kuma ta horar da ungozomomi da ma'aikatan jinya a Ƙaura, Shinkafi da Zurmi kan duba mama da bakin mahaifa, gwajin da ba ya buƙatar babbar na'ura, ta kuma sa mota ɗaya mai rakiya da za ta riƙa kai masu zuwa kemo Gusau a ranakun da aka tsayar. In jama'a suka tara nasu a fili, da lissafi a hannu, bakinsu zai fi kaifi wajen tambayar hukuma nata kason.

Ranar 4 ga Fabrairu ce ranar yaƙi da ciwon daji ta duniya, watan Oktoba kuma na sankarar mama. Kira a nan ga masu martaba sarakunan Ƙauran Namoda, Shinkafi, Zurmi da Moriki, da limaman Juma'a, da ƙungiyoyin 'yan asalin waɗannan garuruwa da ke birane: ku zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, ku naɗa kwamiti, ku buɗe asusu, ku raba goron gayyata. Mawaƙa da masu zayyana da masu saƙa su kawo abin hannunsu. Ko mutum ashirin aka kai Shika da Sakkwato a shekarar farko, aka tsaya musu har suka kammala magani, a karanta lissafinsu a rediyo kowa ya ji.